Wutsiyar Bidew

Kebemer, Disamba 1986

Zuwa ga taubashiyata, wato baiwata, Kodu Mbeng, 'yar Gwaggo Penda,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk kifin da kike mulka a Kayar. Mu nan lafiya lau, sai dai matata Ngone na fama da haƙori, ni kuma ina fama da Ngone. An gama aikin gyaɗa, mun gode Allah.

Kodu, Bidew ya ji ciwo. Ko ba ki taɓa ganinsa ba kin ji labarinsa, dokina mai farin goshi wanda ya hana masu dawakin tseren garin Luga barci. A tseren da ya wuce shi ya zo na ɗaya, amma kafin a sauke masa sirdi jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura kamar rogo. Maƙerinmu ya ce a kawo shi ya ɗora masa ƙarfen da aka gasa a wuta. Likitan dabbobi ya ce duk wanda ya kusance shi da wuta zai gamu da shi, abin da ƙafar ke so ruwa ne mai sanyi, in da hali na gishiri, ya tsaya a ciki kullum. To kin san rijiyarmu. Kafin guga ya iso sama mai ja ya manta abin da ya kawo shi. Na gwada da tulunan gida, Ngone ta ce in zaɓa, ko ƙafar doki ko dambun dare.

Sai na tuna Allah ya ba ni baiwa mai teku a ƙofar ɗaki. Gora direba zai kawo miki shi in ya sauke kifinsa, tare da harawar gyaɗa da buhun gero. Kada ki ba shi kifi. Na san ku, ko baƙo ya ce zazzaɓi yake yi kifi kuke ba shi. Ki kula da wutsiyarsa, ana taje ta kullum, ana sa mata lalle ranar Alhamis. Wutsiyoyin dawakin gidanmu da suka mutu, tun daga na Kaka, suna rataye a bangon ɗakina, ban shirya ƙara wata ba.

Ina son shi a nan kafin tseren ranar 'yancin kai, cikin Afrilu. Abokin gasata Dawur Gey ya sayo wani dogon doki, ya ishi gari da baki.

Ubangidanki,
Madike Fal

Kayar, Janairu 1987

Zuwa ga ubangidana na ƙarya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Ngone da haƙorinta. Ka ce mata ta ƙara haƙuri, haƙori ana cire shi, miji ne ba ya ciruwa da sauƙi. Mu muna lafiya, sai gwiwata da ke tuna mini shekaruna.

Ɗan sarautarka ya iso yana warin kifi tun daga kunne har kofato. Na ja shi bakin ruwa, yana ganin teku sai ya tsaya cak. Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya zauna a kan cinyoyinsa kamar kare. Matan da muke shanya kifi tare suka bar aikinsu suka zo kallo. Ndumbe ta ce, "Kodu, wannan ne zakaran Kebemer? To Allah ya jiƙan na biyu."

Mun ja, mun lallaɓa, mun nuna masa gero, ya ƙi. Sai tsoho Latir mai amalanke, wanda ya yi shekaru yana wanke dawakinsa a nan, ya ce, "Ku daina jansa ta gaba, ba ya son ganin abin da zai shiga ne. Ku yi masa irin ta jirgi." Na cire ɗankwalina na rufe masa ido, aka juya shi ya ba teku baya, masunta suka dafa ƙirjinsa suna waƙar da suke yi in za su tura jirgi. Haka dokinka ya shiga teku da baya, Madike, ana yi masa amshi. Da ruwan ya kai masa gwiwa ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya saki kunnuwa, ya tsaya shiru. Fito da shi sai da aka sake kiran masuntan.

Yanzu kullum da safe, in ruwa ya ja baya, muna shiga. Na ce muna, don ba ya yarda ya tsaya sai da ni. A bakin tekun nan aka haife ni amma ban taɓa shiga ya wuce idon sawuna ba, mu mata aikinmu a tudu yake. Ga ni da jikoki ina tsaye cikin ruwan Janairu haƙorana na kaɗawa, shi kuwa yana gyangyaɗi. In mun fito in ɗauraye masa kofato da ruwan rijiya, haka Latir ya ce.

Tun da malam ya rasu na kori masu neman aure sun fi a ƙirga, yau ga shi duk Kayar ana kiran dokinka mijin Kodu. Ban musa ba. Ba ya magana, ba ya tambayar ina na je.

Wutsiyar nan kuwa masifa ce. Tana jan ruwa, tana kwaso ciyawar teku da yashi, shekaranjiya har da ƙaguwa muka fito.

Baiwar da ba ka taɓa ciyarwa ba,
Kodu

Kebemer, Fabrairu 1987

Kodu,

Ina fatan kuna lafiya. An cire haƙorin Ngone, bakinta ya dawo aiki gadan-gadan.

Ban ji daɗin labarin shiga da baya ba. Kada ya fita daga Kayar. Gora ya riga ya faɗa a tasha, jiya Dawur ya tare ni a gaban masallaci ya ce, "Madike, na ji dokinka ya koyi tafiya da baya. To a Afrilu sai a juya masa fili." Mutane suka yi ta dariya, har da liman, ko da yake ya rufe baki da rawani.

Gora ya ce kumburin ya sauka. Tunda haka ne ki sa a fara sukuwa da shi a kan yashi, ya saba. Doki ba jirgi ba ne da za a kafe shi wuri ɗaya.

Ki gaishe mini da mijinki.

Madike

Kayar, Fabrairu 1987

Madike,

Muna lafiya, har gwiwata ta yi sauƙi. Ashe maganin da ka aiko dokinka ya sha ni ma ya karɓe ni.

Gaskiya ne kumburin ya sauka, yana taka ƙafar ba ɗingishi. Amma ba wanda zai yi sukuwa da shi. Likitan dabbobi ya zo daga garin Ces duba dawakin amalanke, na roƙe shi ya taɓa ƙafar. Ya matsa wurin da yatsa, Bidew ya ɗaga ƙafa da sauri. Ya ce, "Uwa, ruwa ya kashe wutar, amma jijiya ba ta gama ɗinkewa ba. Sai ya yi kamar shekara yana tafiya kawai, cikin ruwa da kan yashi mai laushi." Latir na gefe ya ce, "Abin da na gaya mata ke nan, ba ta yarda ba sai da mai farar riga ya faɗa." Na tambayi likitan, in aka sa shi tsere a Afrilu fa? Ya ce zai iya cin tseren, amma da wuya ya fito daga filin da ƙafarsa.

Ka ji abin da ake ciki. Bakin Dawur ba ya karya ƙashi, Madike, ka bar shi ya yi ta yi. Na saba da dabbar nan. Da safe in na makara sai ya zo ya tura ƙofata da hanci. Ba zan ji daɗi ba in aka ce mini ya faɗi a gaban jama'a don kawai a rufe bakin mutum ɗaya.

Kodu

Kebemer, Maris 1987

Kodu,

Gaisuwa. Lafiya lau.

Likita bai san Bidew ba, Latir kuma dawakin jan kaya ya sani. Ke ma kifi kika sani. An riga an sa sunansa cikin masu tsere, maroƙinmu Mor ya fara yi masa sabuwar waƙa. In ban fito da shi ba, ba ni da fuskar shiga kasuwar Kebemer. Gidanmu ba a taɓa kiran sunan dokinsa aka ji shiru ba.

Wasa wasa ne, amma wannan karon da gaske nake ba da umarni. Ranar da Gora zai taso, ki sa masa dokina a mota.

Madike Fal

Kebemer, Maris 1987

'Yar'uwata Kodu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan gaishe ki ba. Saƙonki ya iso.

Ina tsaye a tasha da linzami a hannu Gora ya sauko, ba doki. Ya miƙo mini ƙunshi cikin farin ƙyalle. Na ce, "Ina Bidew?" Ya ce, "Ni ban gan shi ba. Ta ce in ba ka wannan, ba ta ƙara komai ba, idanunta jajur." Na kwance a gaban mutane, sai ga wutsiyarsa, da sauran lallen da na sa mata da hannuna. Kin san a nan ba a aiko wa mai doki da wutsiya sai in babu dokin. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Gari ya zo mini gaisuwa kamar mutum na rasa. Ngone ta dama kunun gero da nono aka yi sadaka, ita da ke cewa na fi son doki da ita, ita ta fi kowa kuka. Mor ya juya waƙar tsere ta koma ta makoki, tsofaffi suka yi ta share ido. Dawur ya zo, Kodu. Ya riƙe hannuna ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Wallahi dokina ko ƙurar Bidew ba zai kamo ba. Tsoronsa ne ya sa nake surutu." Na daɗe ina son jin maganar nan, da na ji ta kuma ba ta yi mini daɗin komai ba.

Na rataye wutsiyar a bango kusa da ta ubansa. Ina kallonta ina tuna ranar da aka haife shi, ya miƙe yana rawa a kan ƙafafu kamar sandunan rake, ya zo ya cusa kai cikin rigata. Ba tsere nake tunawa ba, ko sau ɗaya. A gaban liman da jama'a na ce, na rantse da Allah, da zai dawo mini da dokin nan ba zan ɗora masa sirdi ba sai likita ya ce, ko da shekara nawa ne, ya tsaya ƙarƙashin bishiya ya ci harawa ina kallonsa ya ishe ni. Liman ya ce in yi haƙuri, ba a saba dawo da dawaki ba.

Ban zarge ki ba. Kin tsaya masa cikin sanyi, abin da ni ban yi ba. Ki gaya mini yadda ya cika, da inda kuka binne shi. In ya sha wahala kada ki faɗa mini.

Ɗan'uwanki,
Madike

Kayar, Afrilu 1987

Madike,

Muna lafiya dukkanmu. Na ce dukkanmu, ka karanta da kyau.

Wa ya mutu? Wanda kuka sha wa kunu yana tsaye a bayana yanzu haka, ya ma cinye gefen wasiƙarka, wajen da ka sa kwanan wata. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, jiya ya kori karen Ndumbe har bakin kasuwa, da tafiya dai, ba da gudu ba.

Ga yadda aka yi. Wutsiyar nan ta sarƙe da tsohuwar komar kamun kifi a cikin ruwa, ya tsorata ya fara tsalle, na ce kafin ya ɓata ƙafar da muka sha wahala a kanta gara a rabu da ita. Na sa wuƙar fawar kifi na datse gashin, ban taɓa nama ba. Da yake na san yadda kake ji da ita, na ce ba zan yar ba, na naɗe na ba Gora. Farin ƙyallen buhun fulawa ne. Jan ido kuwa, ka taɓa ganin mai ƙyafe kifi da farin ido? Na rubuta maka takarda na bayyana komai, sai bayan motar ta tashi na gan ta a ƙarƙashin tabarma. Tsufa ne.

Wasiƙarka ta sa ni kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na karanta wa matan wurin aiki, su ma suka yi, sannan muka yi dariya har Ndumbe ta faɗa cikin kwandon gishiri. Tun muna yara ban taɓa jin ka yi magana mai kyau irin wannan ba. Ashe sai an yi maka mutuwa kake hankali.

Yanzu maganar rantsuwa. Ka ce in Allah ya dawo maka da shi ba sirdi sai likita ya ce. To ya dawo maka da shi, bai ma sa ka jira tashin ƙiyama ba. Na adana wasiƙar a inda mijina ba zai kai baki ba.

In akwai sauran kunun sadaka a aiko mana, mamacin yana son gero.

Kodu

Kebemer, Afrilu 1987

Ke Kodu,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san irinku ba abin da ke samunku.

Da na karanta layin farko na fita da gudu ba takalmi, ina ihu yana da rai. Ngone ta biyo ni da ludayi ta ɗauka na zare. Na yi farin cikin da ban yi ba tun haihuwar ɗana na fari, wannan gaskiya ne, na faɗa. Sauran abin da ya biyo baya kuwa ke za ki amsa shi a gaban Allah.

Dawur ya zo gida ya ce in mayar masa da maganarsa. Na ce ta riga ta shiga kunnen gari, ya bi su ɗaya-ɗaya ya karɓo. Mor ya ce waƙar makokin ta fi duk waƙoƙinsa kyau, ba zai jefar da ita don doki ya ƙi mutuwa ba, duk inda ya hango ni sai ya ɗauko ta. Waɗanda suka sha kunu suna tambaya ko za a yi na murna. Na je wurin liman a asirce na ce, rantsuwar da mutum ya yi cikin ruɗewa fa? Ya ce, "Madike, ni na ce maka ba a dawo da dawaki, aka ƙaryata ni a gaban gari. Kai ma ka ɗauki naka."

Ko ba rantsuwa ma, wa zai fito da doki mai guntuwar wutsiya a filin Luga? Sai a ce akuya na kawo. Na tambayi masana, sun ce kafin ta dawo yadda take sai kamar shekara. Kamar shekara, Kodu. Na taɓa jin wannan lissafin a wata wasiƙa.

An yi tsere, dokin Dawur ya zo na uku. Na zauna a cikin 'yan kallo, ba wanda ya yi mini dariya, sai ma tambayata ake ya mai jiki.

Yanzu ki amsa mini. Gwaggo Penda a gidan nan aka haife ta, a ɗakin da wutsiyoyin nan ke rataye ta yi rarrafe. Ni kaina na rubuta miki maganarsu a wasiƙar farko. Duk Kayar ba ƙyalle sai fari? Gora ya tambaye ki doki, me ya hana ki ce masa yana tsakar gida yana cin harawa? Ki faɗa mini gaskiya, kin san abin da wutsiya ke nufi a nan ko ba ki sani ba?

Madike

Kayar, Mayu 1987

Ubangidana,

Muna lafiya. Mijina na gaishe ka, wutsiyarsa ta fara tohowa, yanzu ta kai tsintsiyar da ta ga duniya.

Ni me na sani? Kai da kanka ka rubuta cewa kifi kawai na sani.

Abin da zan iya tunawa, Inna takan ba mu labarin wutsiya ta farko a bangon nan, ta dokin Kaka. Ta ce yana ɗingishi aka fito da shi, don an riga an kira sunansa, kuma gidanku ba a kiran suna a ji shiru. Ya ci tseren. A ƙarshen fili ya durƙusa, a nan aka yanka shi, tana 'yar ƙarama tana riƙe da zanen uwarta tana kallo. Ku da kuka gaji ɗakin kun riƙe cewa ya ci. Ita har ta tsufa in ta ji kiɗan tsere sai ta shige ɗaki.

Maganar sarƙewa da koma gaskiya ce, ka tambayi Latir. Takardar ma na rubuta ta. Yadda ta shiga ƙarƙashin tabarma ne na kasa tunawa. Na dai duba na ga a jikin dokin nan kaf, wutsiya ce kaɗai za a yanke ta sake fitowa.

Ka sauke ta daga bangon, ba wurinta ba ne tukuna. Ka taho da ita in kana so, ka zo ka gan shi. Ka zo da wandon da ba ka jin tausayinsa, don kai za ka riƙe linzami da safe, ni na huta. In kuma ka ga teku ka zauna a ƙasa, kada ka damu, ina da ɗankwali, masunta kuma sun iya waƙar.

Baiwarka,
Kodu